Kwatan Huɗu

Shekara goma sha tara Irmtraud Kuhnert ta yi tana ɗaura allura a kan na'urorin awo a wata masana'anta da ke Magdeburg, a Jamus ta Gabas, ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta shiga sabgar kowa. Mutane suna cewa sanyin hali ne. Ina! Tsoro ne, kuma tana da dalilinta.

A bazarar 1960 mijinta Eberhard ya ɗauki ɗansu Volker, yaro ɗan shekara huɗu, ya bi ta Berlin ya sulale Jamus ta Yamma. Shirin shi ne ta biyo su da zarar mahaifiyarta ta ji sauƙi. Tsohuwa ba ta warke ba, ciwo ya yi ta ja har Agustan shekara ta gaba, aka wayi gari an rufe iyaka ruf. Shi kuwa Eberhard, mutumin kirki, sai da ya daure wata goma sha ɗaya cur kafin ya auri wata a Köln. Ga shi masana'antar Irmtraud sojoji take yi wa aiki, an sa ta sa hannu a takarda cewa ba ita ba mutanen Yamma, ko wasiƙa, ko gaisuwa. Haka ta zauna shekara goma sha biyar ba ta san kamannin ɗanta ba.

Wadda ta buɗe mata hanya maƙwabciyarta ce, Frau Zabel, tsohuwa mai bakin tsiya. Masu fansho ana barinsu su ziyarci Yamma, don in ba su dawo ba gwamnati ta huta da ciyar da su. A kakar 1975 Frau Zabel ta dawo daga wurin 'yarta, ta ja Irmtraud kicin, ta buɗe famfo don kada bango ya ji.

“Na samo miki ɗanki. Ke, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa. Zai tafi karatu Berlin ta Yamma, a mota, ta babban titin nan da ya ratsa ƙasarmu. Akwai wurin hutawa da motocinsu da namu ke tsayawa tare. Faɗi rana da lokaci, in na koma in buga masa waya.”

Irmtraud ta ce Asabar ta biyu a watan Oktoba, viertel vier. Haka Frau Zabel ta faɗa masa, shi kuma ya ce to.

Mu nan Gabas awa kamar burodi muke yanka ta. Uku na bugawa an shiga awa ta huɗu, in an ci kwata daga cikinta sai mu ce viertel vier, kwatan huɗu, wato uku da kwata. Ko ɗan da bai iya ɗaura takalmi ba ya san wannan, shi ya sa a cikin matan nan biyu babu wadda ta ga abin tsayawa bayani.

Ƙaninta Siegfried ne ya kai ta a motarsa Trabant, yana tuƙi yana mita.

“Yaya, minti ashirin, kin ji ko? Wurin nan ko mai share teburi ɗan rahoto ne. Ki gan shi, ki cika idonki, mu kama gabanmu. Ba runguma, ba kuka. In suka gane haɗuwa ce kika rasa aiki, shi kuma su sauke shi daga mota, sai dai ubansa ya ji labari.”

“Na ji, Siggi. Kalli titi.”

Uku da minti goma suka isa. Ta sayi kofi ta zauna kusa da taga inda take hango filin motoci. Lambar motocin Köln da K take farawa, shi kawai take nema. Uku da kwata ta yi, ta wuce. Motoci na shigowa, na Hamburg, na Hannover, babu K. Kofi ya huce a gabanta. A teburin ƙofa akwai wani mutum mai kwat ruwan ƙasa, jarida a hannu, tun da suka shigo bai juya shafi ba.

Uku da rabi Siegfried ya sunkuyo. “Tashi. Ɗan ubansa ne, ba zai zo ba.”

A daidai nan wata mata 'yar Yamma ta wuce tana janye da mijinta, tana cewa su hanzarta, so take su isa kafin biyar saura kwata. Nan take Irmtraud ta gane. Saura kwata. Da kwata. Haka suke faɗa can. Yaron a Köln ya tashi, bakin Köln ne a bakinsa. Kwatan huɗu a kunnensa ko huɗu saura kwata ne, ko huɗu da kwata, amma ba uku da komai ba.

“Siggi, bai san lokacinmu ba. Ni na yi wautar. Je ka buɗe gaban mota ka kwance fulogi.”

“Kin haukace? Awa guda a nan?”

“Ka kwance, na ce.”

Tunda yake bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya fita yana zagin motar da ba ta yi masa laifin komai ba.

Huɗu saura kwata ta yi, babu K. Mai kwat ya naɗe jaridarsa, ya taso a hankali, ya tsaya a kanta.

“'Yar ƙasa, katin shaida.”

Ta miƙa. Ya duba hoto, ya dube ta, ya fito da ɗan littafi ya kwafe suna da wurin aiki. Tana kallon alƙalamin tana jin shekara goma sha tara na zubewa ƙasa.

“Wa kike jira?”

“Motar ƙanina ce ta ƙi tashi.”

“Trabant ba ta cin awa guda, ko makaho ne ke gyaranta. Huɗu da rabi in na ɗaga ido na gan ku, tare za mu tafi.”

Ya mayar mata da katin, amma bai koma teburinsa ba. Jikin bango ya jingina, inda yake ganinta yana ganin ƙofa.

Huɗu ta buga. Huɗu da minti goma sai ga wata tsohuwar mota ja ta shigo, K a goshinta. Wani dogon saurayi ya fito, gashi har kafaɗa, ya tsaya yana waige-waige. Kunnuwan ne suka tona shi, fatan-fatan irin na Eberhard. Wayyo, ta tsani kunnuwan nan shekara goma sha uku, yau ga ta tana son su kamar ranta.

Ya shigo ya bi fuskokin matan wurin ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya sauka a kanta, ya wuce. Bai gane ta ba. Da me zai gane ta? Da ya rasa yadda zai yi sai ya shiga layin masu sayen Bockwurst, sosej ɗin nan mai zafi. Irmtraud ta tashi ta tsaya a bayansa. Mai kwat ma ya taso ya tsaya a bayanta, har tana jin warin tabarsa.

Sunansa na kan harshenta, ta haɗiye. Kalma ɗaya ta kuskure, ɗanta ba zai kwana Berlin ba. Mutum uku suka rage a gabansu. Biyu.

“Samari, don Allah ƙarfe nawa?”

Ya duba agogo ba tare da ya kalle ta sosai ba. “Huɗu da kwata, Madam.”

“Mu nan kwatan biyar muke ce masa,” ta ce, muryarta lau kamar mai hirar layi. “Kwatan huɗu ya wuce da awa guda.”

Ta ga wuyansa ya sandare. Ya juyo a hankali. Ya kalli furfurar da ta fara fito mata, ya kalli tsohuwar jakarta, sannan ya hango mutumin da ke bayanta, ya fahimta. Kunnuwan nan suka yi jajir.

“Ban sani ba,” ya ce. “Babu wanda ya koya mini.”

“To yau ka koya. Ka riƙa sa hula, Berlin akwai sanyi.”

“Na gaba!” mai sayarwa ta daka tsawa. Volker ya karɓi farantinsa, ya ajiye a teburi ko taɓawa bai yi ba, ya fita. A bakin mota ya daɗe yana laluben makulli, fuskarsa na kallon taga. Sannan ya shiga ya ja.

Ran Litinin aka kira ta ofis, aka ɗauke ta daga teburin allura aka mayar da ita ɗaure kwalaye a sito, can ta ƙare aikinta. Ba ta sake sa Volker a ido ba sai Disambar 1989, bayan an buɗe iyaka, lokacin har sanƙo ya fara masa. Amma a waccan Asabar ɗin, a hanyar komawa gida, suna cin kilomita goma Siegfried ya kasa haƙuri.

“Yaya, na hango ku ta taga. Me ya ce miki?”



“Ya ce babu wanda ya koya masa.”

Siegfried ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya bar ta ta yi kukanta.