Gwaggo Tela a Bakin Ƙofar Ɗaki na Huɗu

Shekara talatin Gwaggo Tela tana taka keken ɗinki, kuma ba ta taɓa yanka yadin mutum ba tare da ta tambaye shi yadda yake so ba. Shi ya sa har yau abin da aka yi mata a asibiti ya tsaya mata a rai.

Da ma ita 'yar gida ce a can. Ciwon sukari ya sa ta san kowane benci, ga ta da baki, don haka da aka ce ana son wakiliyar marasa lafiya a kwamitin asibiti, matan layin karɓar magani suka turo ta gaba. Shekara biyu tana hawa bene duk ƙarshen wata. A ba ta ruwan roba, a karanto abin da aka riga aka yanke, a ce a ɗaga hannu. In an zo ɗaukar hoto kuwa, ita ake sawa a tsakiya.

Sai maigidanta Malam, tsohon direban babbar mota, ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, aka kwantar da shi a ɗaki na huɗu. Dokar ɗakin ita ce, ƙarfe takwas in likita zai zagaya, maigadi ya kori duk masu jinya waje. Likita ya tsaya a kan Malam ya ce, "Baba, kana shan magani?" Malam ya gyaɗa kai. Mutumin da ko kana wace ƙasa aka tambaye shi, gyaɗa kan zai yi! Gaskiyar ita ce ƙwayar ba ta wuce masa. A kumatu yake ajiye ta, in nas ta juya baya ya turo ta da harshe, Gwaggo ta tsince ta a zanin gado. Likita yana ganin jini bai sauka ba, yana ƙara ƙwaya.

Ta gaya wa nas, nas ta ce ta gaya wa likita. Likita kuwa ta ƙofar baya yake fita zuwa ɗakin tiyata. Ta rubuta takarda ta soka a fayil ɗin Malam, washegari ta gan ta a kwandon shara.

A taron kwamiti na farko bayan haka ta ɗaga hannu tun ba a zauna ba. Shugaban asibiti ya ce, "Mama, ki bari mu zo kan sauran batutuwa." Aka kwashe awa biyu a kan kalar fentin katanga. Da aka zo kanta, rabin mutane sun riga sun miƙe.

A na biyu ba ta jira izini ba.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake roƙo. A bar mai jinya ɗaya a gefen gado in likita ya zo. Mu muke wanke su, mu muke ba su abinci, mu muka san abin da ya shiga cikinsu."

"Magana mai kyau, Mama. Za mu kafa ƙaramin kwamiti."

"Ni fa ba ƙarami nake nema ba, babban ma ya ishe ni."

Aka yi dariya, har da tafi. Ta sauko benen tana huci, don ta ga sun mayar da ita mai ba da nishaɗi.

Kwana tara bayan nan ciwon ya sake bugun Malam. Wannan karon ko kan ba ya iya gyaɗawa. Ba a jima ba aka manna takarda a ƙofa: kwamiti ya amince mai jinya ɗaya ya zauna in likita ya zo, bisa shawarar wakiliyar marasa lafiya. Maigadi da kansa ya jawo mata kujera.

Likitan da ya zo ranar sabo ne, mai ladabi. Ya saurare ta tsaf har ta gama, ya buɗe fayil, ya yi ta juya shafuka, fuskarsa tana canzawa.

"Mama, wata biyu ke nan ba ya haɗiye magani? Ai akwai wata hanyar da za mu ba shi. Me ya sa ba ki faɗa mana da wuri ba?"

Gwaggo Tela, mai bakin da ake tsoro a layin magani, ta miƙe daga kujerar. Ta gyara wa Malam matashi, ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta.

"Ina waje, ɗan nan," ta ce.