Malam Maharazu Mai Jirgin Ƙasa na Gwangwani

Ranar Talata, 8 ga watan Maris, 1977, bayan sallar azahar, labari ya iske ni a makarantar da nake koyarwa a Faskari cewa Allah Ya yi wa Malam Maharazu mai gyaran agogo rasuwa a gidansa da ke Sheme, bayan gajeruwar jinya. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa, don haka godiyar da ban samu na yi masa yadda ya kamata ba yana raye, ita zan rubuta a nan.

Malam, 'yan kasuwar Yankara da gyaran agogo da rediyo suka san ka, amma yaran Sheme da jirgi suka san ka. A zaurenka ka shimfiɗa faffaɗan katako, ka ja layin dogo da wayoyin ƙafar keke, ka ƙera kan jirgi da taragai da gwangwanin madara. A wana shi kamar agogo, ya yi ta zagaye. Manya da yawa sun ɗauke ka mai wasan yara da furfura a ka, kai kuwa ko a jikinka. Damuwarka ɗaya ce, wai jirgi ba ya yawo a banza, sai da kayan ɗauka. Shi ya sa ka ƙudura sai ka gina masa tsohon gidan gurzar audugar nan na bakin layi, da kara da kwali, daidai yadda yake a da.

Ka zo a makare. Kuɗin fetur sun shigo, kowa ya koma maganar kwangila da siminti, auduga ta zama labarin tsofaffi. Wani ɗan kwangila ya riga ya sayi gidan ya kwashe kwano da ƙarafa, sai kango ya bari. Ka auna kangon da igiya, sannan ka shiga neman waɗanda suka yi aiki a ciki, har Ƙanƙara da Sabuwa, wani lokaci a kan kekenka, wani lokaci keken a saman mota. Wannan neman ne ya kawo ka ƙofar gidanmu, nan cikin Sheme.

Mahaifina, Malam Gide, ya yi ƙuruciyarsa a gidan, wurin injin da ke matse auduga a ɗaure ta dila-dila. A lokacin da ka zo ya makance, kuma tun da idon ya tafi ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ya bar masallaci, ya bar majalisa, abinci sai an yi ta lallashi. Mahaifiyata Hajaratu ta yi kuka har ta gaji. Mu dai mun sallama, muna ganin baƙin ciki zai kashe shi kafin ciwo.

Na ba ka haƙuri, na ce Baba ba ya gani kuma ba ya son magana. Ka ce ba idonsa ka zo aro ba. Ka shiga ka gaishe shi, ya amsa da ƙyar, ka ɗora masa ɗan ginin karan a cinya. Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya fara shafawa, daga rufi zuwa bango, har yatsansa ya tsaya a kan ƙofa.

"Wa ya ce maka ƙohwar nan take?" in ji Baba. "Gabas take kallo. Wanga gehen ta nan ƙurar auduga ke hita, wa zai sa ƙohwa nan ya shaƙe mutane?"

Rabon da mu ji ya haɗa magana mai tsawon wannan, har mun manta. Daga ranar, duk ran kasuwa sai ka biyo da ginin, kuma kullum sai an sami abin gyara: yau taga ta yi ƙasa, gobe bututun hayaƙi ya yi gajere. Baba ya yi ta faɗa, kai kana ba da haƙuri. Mutumin da ke haɗa cikin agogo ba ya kuskure ɗaya, ban san yadda aka yi taga ta yi ta gagararsa ba. Ina da zato, amma ban taɓa tambayarka ba.

Da ginin ya kammala, Baba ya ce gida ya yi, sai dai kufai ne, ina mutanen? Ka gaya masa ka taɓa tambayar liman, kuma tun lokacin ka bar sassaƙa siffar mai rai, ko jaki babu a kan katakonka. Amma ka ce za ka ƙera kayansu: takalman da suke cirewa, kwanon abinci, sandar maigadi, kowane mutum da abinsa a inda ya saba zama. Matsalar ita ce katakon ba ya ɗaukuwa, kuma ba wanda ya san mazaunin kowa sai shi.

Washegari da hantsi Baba ya ce a miƙo masa rigarsa da hularsa. Ni na riƙe masa hannu har zaurenka, mahaifiyata tana leƙe daga soro tana share hawaye. Ya zauna yana kiran sunayen abokan aikinsa, mafi yawansu sun rasu, yana ajiye wa kowa abinsa. A gindin katanga hannunsa ya ci karo da 'yar buta ta gwangwani da ka riga ka ajiye, domin wani tsoho a Sabuwa ya gaya maka nan Gide yake alwala. Ya riƙe ta ya yi dariya. Da aka kira azahar, tare da ku ya tafi masallaci, kuma har yau bai sake fashi ba.

Ranar sadakar uku, Baba ya sa babban ɗanka Ɗanliti ya lanƙwasa masa ɗan keke da waya, irin naka. Ya ce in ja masa gora zuwa zaurenka. Ya laluba har ya sami ƙofar gabas, ya jingine keken a jikin bango.

"Shi ma ya yi aiki gidan ga," ya ce. "A bar mashi wurinshi."

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta mahaifina da mahaifiyata, ga mai ɗakinka Malama Larai, da Ɗanliti da ƙannensa, da dukkan mutanen Sheme. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya albarkaci bayanka. Malam Maharazu, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka sami mahaifina a ɗaki mai duhu, ka riƙo shi ka fito da shi. Allah Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, kada Ya bar ka kai kaɗai a ciki. Amin.