Jikan Inna Shiru a Hannun Mai Inji

Inna Shiru ba sunanta na gaskiya ba ne, matan layin ne suka laƙaba mata, kuma ba a banza ba. Tun tana da ƙarfinta take renon 'ya'yan matan da ke fita aiki. A ɗakinta na gaba, mai taga ɗaya da tsohuwar fanka mai ƙugi, ake ajiye mata su da safe a kwashe da yamma. Ƙananan katifu a jere jikin bango, kwalaben madara a kife cikin roba, igiyar shanya kullum cike da tsummoki. Duk jaririn da ya gagari uwarsa, sai a ce a kai wa Inna. Ta ɗora shi a kafaɗa, ta jijjiga, ta bubbuga masa baya, ta kaɗa masa makullai, ta yi ta wani gunaguni da ba waƙa ba ba magana ba, can sai ka ji ɗif. Ita kuwa ba ta iya ɓoye jin daɗinta. Takan miƙa wa uwar ɗanta tana cewa, "Ungo abinki. Ba komai ba ne, hannu ne kawai ba ki da shi."

Amma akwai abin da ke cin ta wanda ba ta faɗa wa kowa. Duk yaron da ta rena, yamma na yi sai a zo a ɗauke. Wasu sun girma har da gemu, su wuce ta a hanya su gaishe ta sama-sama kamar ba ita ta wanke musu kashi ba. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yanta maza aiki ya kai su nesa, jikokin can sai dai ta gan su a waya. Saboda haka da Auta, 'yarta mace tilo da ke aiki a kantin magani, ta samu ciki, Inna ta sallami yaran reno gaba ɗaya. Ta sa aka yi wa ɗakin fenti, ta sayi sabuwar katifa, ta hana kowa zama a kai. Wannan karon nata ne, in hutun haihuwar Auta ya ƙare a wurinta zai riƙa wuni. Ko tambaya ba ta yi ba, wa kuma za a ba?

Aka haifi yaro namiji, lafiyayye, ga kumatu. Sai dai kuka! Ubansa, mai gyaran firiji ne kuma ba ya rabo da barkwanci, shi ya sa masa Jiniya, sunan kuma ya bi shi. An kai shi asibiti an duba, aka ce lafiyarsa ƙalau, ciwon cikin jarirai ne, zai wuce. To kafin ya wuce ɗin fa? Ya sha nono ya yi kuka, a canja masa ya yi kuka, a kwantar da shi ya yi kuka. Auta ta rame, idanunta suka faɗa.

Inna ta zo da tafiyar nan tata ta wadda ta san aikinta, ta ce a ba ta shi. Ta jijjiga, ya ƙara. Ta kaɗa makullai, ya sandare yana shure-shure. Ta goya shi ta zaga tsakar gida har gwiwoyinta suka fara ƙara, ta yi gunagunin da ya kwantar da yaran rabin unguwa, yaron nan ya yi ja wur kamar ana yanka shi. Maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ce, "A'a, Inna, yau kuma ke ce da kanki?" Wallahi da mari ta yi mata da ya fi sauƙi.

Ana cikin haka uwar mijin Auta ta shigo. Mai Inji ake ce mata, don ta shekara da shekaru tana tsaye a kan injin niƙa a bakin kasuwa kafin ta bar wa ɗan ƙanenta. Doguwa ce, ba fara'a, hannuwanta duk kanta. Inna dama ba ta yi da ita. Sau nawa ta gaishe ta a hanya matar nan ta wuce ko waiwaye babu? In kuwa kuna fuska da fuska, ta ƙura wa bakinka ido, duk abin da ka ce amsarta ɗaya, "To, madalla." Inna ta daɗe da yanke hukunci cewa girman kai ne.

Mai Inji ta zauna a kujerar roba, ta miƙo hannu. Inna ta ba ta yaron tana cewa a ranta, gwada mu gani. Matar nan ba ta jijjiga ba, ba ta yi waƙa ba, ko "yi shiru" ba ta ce ba. Ta kwantar da shi a ƙirjinta, ta ɗora tafin hannunta mai kaushi a bayansa, ta zuba wa bango ido kamar mai jiran mota. Yaron ya yi ta tsala ihu a saitin kunnenta, ko gezau. Can kukan ya fara sauka, ya koma shessheka, ya koma ajiyar zuciya. Ya yi barci, bakinsa a buɗe.

"Mama, Allah ya saka da alheri," in ji Auta, har da hawayenta.

Inna ta ce ai dama ta riga ta gajiyar da shi, ko wa aka miƙa wa a lokacin zai yi barci. 

Washegari haka, jibi haka. Kishi ya kama Inna Shiru, kishi na gaske, irin mai hana cin abinci. Ta koma gida ta zauna a gefen sabuwar katifa tana ƙwafa. Ita da ta ƙare rayuwarta a kan jarirai, a ce mai niƙa, wadda ko wasa da yaro ba ta iya ba, ita ce jikanta zai zaɓa? Ta ce ƙila warin garin hatsi ne a jikin matar, ta shafa gari a kafaɗar rigarta ta je, yaron ya yi atishawa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta ce ƙila kujerar ce, ta riga ta zama a kai, bai hana komai ba. Har cewa ta yi da Auta a bincika ko wani abu matar ke shafa masa a baki. Auta ta ce, "Haba Inna!" Inna ta yi fushi ta tafi gida, da la'asar ta dawo.

Sai ga abin da take tsoro. Hutun Auta ya kusa ƙarewa, rannan Auta tana ninke kayan yaron, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Inna, mun yi magana da babansa. Tunda ya fi kwanciya a wurin Mama, ko can zai riƙa wuni? Ke ma kya huta da gwiwar nan."

"Na ce miki na gaji ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

"Na yi wa ɗaki fenti," in ji Inna. Abin da ya fito daga bakinta ke nan, ita kanta ta ji rashin ƙarfinsa.

Da hantsin wata ranar Auta ta shiga wanka, aka bar su su biyu a falo. Mai Inji na zaune ta ba ƙofar kicin baya, yaron na ƙirjinta ya fara lumshe ido. Inna ta shiga ɗauko kofi, gwiwar hannunta ta ture murfin babbar tukunya, ya faɗo kan siminti, ƙwarangwam! Ita kanta sai da ta dafe ƙirji. Yaron ya zabura ya callara ƙara. Mai Inji kuwa ko kafaɗarta ba ta motsa ba, sai da ta ji yaron na shure-shure sannan ta duba shi ta gyara masa kwanciya.

Inna ta tsaya da kofi a hannu. Ta matso bayan kujerar ta kira ta yadda ta saba kiranta, ta ce, "Yaya." Shiru. Ta ɗaga murya, "Yaya, ana sallama." Shiru. Sai ta sunkuyo, ta faɗi abin da ya daɗe a maƙoshinta, "Mai baƙin hali, ɓarauniyar jikan mutane." Matar nan ba ta juyo ba.

Ashe ƙarar inji ta cinye mata kunne! Ashe duk gaisuwar da ba a amsa ba, ba a ji ta ba ne. Ashe ba wani hannu gare ta ba, kukan ne ba ya isa gare ta, shi ya sa jikinta ba ya rawa, zuciyarta ba ta bugawa, yaro ya kwanta a kanta kamar a kan katifa. Inna kuwa da ya buɗe baki duk jikinta ke tashi, ta hau jijjiga da kaɗe-kaɗe har ta ƙara rikita shi.

Kada in yi muku ƙarya in ce tausayi ne ya fara zuwar mata. Daɗi ta ji, daɗi har cikin ƙashinta. Wa zai bar jariri ya wuni a wurin wadda ba za ta ji shi ba in ya farka, ko ya shaƙe, ko ya faɗo daga gado? Mijin Auta ya san kunnen uwarsa ya ɗan yi nauyi, amma a bayyane yake bai san ya kai haka ba. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Auta, magana ta ƙare. Ta koma gida ranar har da 'yar waƙarta, ta kakkaɓe katifa, ta buɗe taga ɗakin ya sha iska.

Washegari ta zo da maganar a bakinta, ta tarar Auta ta fita sayen sabulu. Mai Inji na kan kujerarta, yaron na barci. Ta nuna wa Inna kujerar da ke gabanta.

"Zauna nan inda zan ga bakinki, 'yar'uwa," ta ce, da muryarta mai ɗan ƙarfi fiye da kima. "Jiya na gan ki a gilashin kabad. Ɓarauniyar jikan mutane, ko ba haka kika ce ba? Na farkon ne ban kama ba."

Inna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. 

"Bar shi, ba sai kin maimaita ba. Ki faɗa musu, gaskiyarki ce. Ni ma na so in faɗa, na kasa. Ina tsoron ranar da za su sani su daina miƙo min shi." Ta dubi yaron, ta gyara masa hula. "Abu ɗaya zan roƙe ki kafin nan. Yaya kukansa yake?"

"Kukansa?"

"Kowa na cewa yana da murya. Ubansa na ce masa Jiniya ana dariya, ni ma in yi dariya. Ina jin sa a nan," ta dafa ƙirjinta, "kamar inji in ya ɗauki hatsi. Amma ban san muryarsa ba. Siririya ce ko mai kauri? Ta ubansa ce? In na ga kin toshe kunne kina tsaki, wallahi ji nake kamar in ƙwace kunnen naki."

Inna ta zauna a kujerar. Ita ke kwana tana juyi saboda ƙirjin matar nan, ashe matar nan na kwana tana juyi saboda kunnenta. Ta jawo kujerarta kusa, ta buɗe baki sosai yadda za a gani. Ta ce yana farawa ne da ƙyaƙƙyaƙ kamar mai tari, sannan ya ja numfashi, sannan ya sake ta gaba ɗaya. Ta ce na yunwa daban, gajere-gajere ne, na ciwon ciki kuwa dogo ne mai kaifi, a ƙarshensa muryar na rawa. Ta ce kauri gare ta, ba ta gidansu ba ce, ta wajen uban ce. Wannan na ƙarshen da ƙyar ya fito, amma ta faɗa. Mai Inji na kallon leɓɓanta ba ta ko ƙiftawa.

Da Auta ta dawo, Inna ce ta yi magana, kuma ba duka ta faɗa ba. Ta ce yaro a ɗakinta zai wuni, ta riga ta yi fenti, ba za ta yi asara ba. Yaya kuma ta riƙa zuwa da safe, ai ba nisa, kujera ma akwai. Sauran bayanin, ta ce, Yaya za ta yi wa ɗanta da bakinta. Auta ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ce to.

Haka suke har yanzu. Kada ku ɗauka kishin ya tafi, yana nan daram. Inna ke jin motsinsa tun kafin ya buɗe ido, ita ke sanin na yunwa ne ko na ciki, ita ke haɗa madara. In ya ƙi lallashi sai ta kai shi ƙirjin Mai Inji ta ajiye, ta koma gefe tana harare-harare da gyaran labulen da ba abin da ya same shi.

Rannan da safe tana wanke kwalabe a bakin ƙofa ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba. Ta juyo da sauri. Yana kwance a kafaɗar Mai Inji, ya kama ɗan kunnenta yana ja, yana ƙyalƙyala dariya, ta farko a duniya. Matar ba ta sani ba, idonta na kan taga. Ba kowa a ɗakin sai su. Inna ta tsaya da kumfa a hannu. Ba ita aka yi wa ba, amma ita kaɗai ta ji, in ta ga dama ta riƙe abinta har abada.

Ta share hannu a zani, ta zagayo gaban kujerar, ta taɓa gwiwar matar.

"Dariya yake yi," ta ce, tana buɗe baki sosai. "Da murya. Ke ya yi wa."

"Yaya take?" in ji Mai Inji.

Inna Shiru ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta gyara murya, ta fara kwaikwayo.