Bawa da Hannun Daman Ƙadri

Mai wannan rubutu, Biba 'yar lakwal, wato 'yar makaranta, tana roƙon gafara. Ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce aikin aji ba, kuma sau uku tana yaga takardar nan. Amma Malam Bawa zai aje aiki, idonsa ya yi rauni, shiru kuma ba zai yiwu ba.

Shekara talatin da ɗoriya, da hantsi ya fito za ka tarar da shi a rumfarsa ta bakin kasuwar Mayahi, gorar mai a gefe, yana gyaran kekunan ɗinki. Kafin ya kwance keke sai ya taka shi, ya kasa kunne.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji suka karɓi mulki, hawan jini ya kayar da amininsa Ƙadri, kakan Biba. Hannun dama ya shanye. Tsohon da bai taɓa kai loma da hagu ba ya ce ba a gaban jikoki zai soma ba. Ɗan tuwon dawar taimako da ake samu sau ɗaya a yini sai ya juya masa baya. Mutane na ramewa don babu, shi yana ramewa ga akushi a gabansa.

Wata malamar asibiti ta ce a can ƙasashen waje akwai inji mai motsa hannu har ya tuna aikinsa. Bawa ya tambaye ta, "Madam, motsawa kawai yake yi?"

Bayan sati sai ga shi a amalanke da gindin tsohon keke. Ya ɗaura sanda a jikin gargaren, ya naɗe hannun Ƙadri a sandar da robar taya. Idan ƙafar hagu ta taka, hannun dama ya tashi zuwa baki, ya sauko.

Ƙadri ya ce, "Mi ne wanga? Tela za ka maishe ni da tsufana?"

"Wa zai ba ka ɗinki, kai da ko wandonka ba ka iya ɗaurewa? Taka, tsoho!"

Ran farko sandar ta doki Ƙadri a hanci, ya rantse ba zai ƙara ba. Bawa ya rage tsawonta, ya dawo. Ya kuma yi dabara: a ɗora loma a tafin, ƙafa ta kai ta baki. Ai da dama ya ci! Wata biyar yana zuwa, yana sassauta robar kaɗan kaɗan ba tare da ya faɗa ba. Ranar da matar Ƙadri, Kaka Hajara, ta lura robar a ƙasa take, hannun kuma na tafiya shi kaɗai, sai ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa.

Kai ne, Bawa, ka ji ciwon da ba a faɗa maka ba. Keken nan ya je garin Sarkin Hausa, ya je Tasawa, har yau yana yawo gida gida, ba wanda ya rubuta sunanka a jikinsa. Allah ya saka maka. Masu sana'ar hannu, ku dubi abin da ke rumfarku da kyau.

Biba ta kawo takardar don ta karanta wa Bawa. Ta tarar da su biyu kan akushi ɗaya, Ƙadri na kai loma da dama, Bawa na cewa, "A hankali, mayunwaci, ka bar mini!" Sai ta fasa karantawa. Ta soke takardar ƙarƙashin gorar mai, ta bi bayan rumfa, ba wanda ya ɗago kai.