Kawu Tanko da Auren Baturen Majigi

Ku da kuka san Kawu Tanko kun san mace ba ta wuce ƙofar gidansa da ƙunshi a ka. Yana zaune a gindin durumin nan na hanyar kasuwa yana tufkar igiya, amma idonsa na kan hanya. A ganinsa duk matar da ta ɗauki ƙunshi yaji ta yi, shi kuwa don biko Allah ya halicce shi. Babu wanda ya naɗa shi, amma a Kwantagora in mace ta yi fushi ta koma gidan iyayenta, Kawu ake nema ya je ya ba da haƙuri ya dawo da ita.

Wata rana ya tare matar Audu mahauci.

"Ina zuwa, 'yar nan?"

"Rafi, Baba. Wanki ne."

"Haka kowa ke cewa. Juya mu koma."

Ya tasa ta gaba har gida, ya sa aka kira Audu daga kasuwa hannunsa duk maiƙo, ya wanke shi tas a kan haƙƙin mace. Audu ya rasa laifin da ya yi, amma ganin yadda Kawu ya haƙiƙance sai ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ita ma da ta ga abu ya zo mata har gida, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta haƙura, amma kada ya sake. Har Audu ya koma ga Allah bai san abin da aka ce kada ya sake ba.

Abin da Kawu ba ya so a taɓa shi ne nasa gidan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannun matarsa Inna Lami na tashi, don haka a gabana aka yi komai. Ya je bikon wata a Bangi, surukai suka ƙi sauka, sai ya dawo ya kwance akuyar Inna, wadda ta raina da hannunta, ya kai musu. Auren can ya gyaru. Inna ta dawo daga unguwa ta tarar da turke babu komai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, gidan kowa ka gyara, saura naka." Ta tafi Auna wajen yayanta, kuma ta ƙofar baya ta bi, don ta san halin mai ƙofar gaba.

Na same shi na ce, "Kawu, a tura dattawa mana."

"Wane dattijo? Liman zai je ya yi ta jan aya har ta yi gyangyaɗi. Mai biko ɗaya ne a garin nan, shi ne kuma mai laifin."

"To ka je da kanka."

"In na je, wa zan ce ya aiko ni?"

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yana ta dawo da matan mutane, yana cin tuwon maƙwabta. Mutane na yi masa dariya a bayan ido, amma ni abin yana ci mini rai. Na ga yana ramewa, kuma daga shi har Inna babu yaron da za a ce yana da sauran lokaci mai yawa.

Ana cikin haka motar majigi ta En'e, wato hukumar gargajiya, ta zo gari. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a fili aka tayar da inji. Da farko aka nuna mana noman auduga da tsaftar rijiya, sannan aka sa na ban dariya. Wani dogon Bature ne mai gashin baki da matarsa gajeruwa, suna ta soyayya. Ya kawo mata furanni, ya manta ya zauna a kansu. Ya ce zai taya ta guga, ya ƙone mata riga. Ita kuma ta kife masa kwanon miya a ka, ta ɗauki akwati ta fice. Mutane na ta faɗuwa don dariya, Kawu kaɗai ya miƙe tsaye ya nufi mai fassara.

"Ina iyayenta suke?"

"Baba, hoto ne."

"Na ji hoto ne. Hoton ba shi da dangi?"

Kafin a ga ƙarshe hadari ya taso, ruwa ya tsuge, aka naɗe ƙyalle kowa ya watse. Kawu ya bi direba har jikin mota yana tambaya ko matar ta dawo. Direba na fama da rufe inji ya ce, "Jibi muna Auna, Baba. Zo ka gani da idonka." Shi direban bai san a Auna Inna take ba. Kawu ya juya gida, ruwa na dukansa.

Washegari ina tasha, zan tafi kasuwar Auna sayen man kaɗanya, sai ga shi cikin babbar riga. Ya ce, "Kada ka yi mini wannan kallon, Sule. Auren Baturen nan zan je dubawa."

Washegari da dare a Auna aka soma majigin daga farko. Da Kawu ya ga Bature da matarsa suna dariya tare sai ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi, an sasanta." Na ce masa maimaitawa ake yi, bai ko dube ni ba. Da aka zo wajen guga ya ce, "Kai, ajiye dutsen nan. Ba shi ya jawo maka ba shekaranjiya?" Riga ta ƙone, miya ta kife, mata ta sake ɗaukar akwati. Kawu ya juyo gare ni rai a ɓace ya ce, "Mutumin nan ba ya jin magana."

Sai aka shiga inda ruwa ya hana mu gani. Bature ya zauna shi kaɗai a ɗaki, ya soya ƙwai ya ƙone, yana ta hura hanci. Abokinsa ya zo yana nuna masa ƙofa, ya naɗe hannu ya ƙi motsi. Nan haƙurin Kawu ya ƙare, ya miƙe yana nuna ƙyalle da sanda.

"Tashi ka bi ta, sakarai! Girman kan me? Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidanka, ka zauna kana jiran wa?"

Daga ɓangaren mata wata murya da na sani tun ina goye ta ce, "Ƙara ɗaga murya, Malam, wataƙila kurma ne."

Mutanen Auna sun san labarin, fili ya kaure da dariya. Kawu ya zauna a hankali ya ajiye sandar. Bai ƙara ɗaga kai ba, ni kuma shi nake kallo, shi ya sa har yau ban san yadda Baturen ya ƙare da matarsa ba.

Da safe na raka shi zauren yayan Inna. Mutumin da ke iya yini yana zuba a zauren surukan wasu, ga shi tsugune ya kasa haɗa magana. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Lami, na mutane na iya, nawa ban iya ba. Na yi laifi. Gidan babu daɗi."

Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai na san in ta juya ciki ba zai sake zuwa ba.

"Ka rame, Malam. Ka karya?"

"A'a."

"To shigo ka sha koko tukuna. Motar Kwantagora sai azahar."

Sauran shekarunsu tare suka yi su. Shi ya riga ta tafiya, ita ma ba ta daɗe a bayansa ba. Ina kewarsu ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu Tanko da Inna Lami, ya yafe musu kurakuransu, ya sanyaya makwancinsu, ya haɗa su a gida ɗaya inda babu mai fita. Amin.