Ba a Mayar da Gora Wayam

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai dabara, irin dabarar da wahalarta ke ƙarewa a kaina. Sana'arsa matsar man riɗi ce a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, da raƙumi ɗaure da ido yana kewaya turmi tun safe har la'asar. Abin zuba man ne ya hana shi sakat. Kwalba sai an je birnin Sinnar, ga tsada ga fashewa. Gwangwani kuwa damina ɗaya ya yi tsatsa, a jefar bayan gida ya tsage ƙafar yara.

Wata rana ya shigo yana murmushin da na riga na sani. Ya ce za mu shuka duma, kowa ya sayi mai a gora, in ya ƙare ya maido a sake cikawa, goran da ya fashe kuma ƙasa ta cinye abinta. Na san ma'anar "mu" a bakinsa. Ni na fafe gorunan, ni na sa musu marfin totuwa, ni na zana wa kowane raƙumi da ƙarfe mai zafi don a san namu ne. Raƙumana sun fi kama da akuya mai ƙusumbi, amma ba wanda ya isa ya faɗa a gabana.

Mu biyu duk muka manta da abin da aka haife mu a ciki: a wurinmu ba a mayar da kwanon mutane wayam. Sai goruna suka fara dawowa da gyaɗa, da busasshiyar kuɓewa, wata ma ƙwai ta sa, ya fashe a ciki. Kyauta kuma sai da tukuici, don haka Malam, maigidan nawa, ya riƙa ƙara musu mai yana yaƙe. Waɗanda ba su da abin sawa kuwa sai suka riƙe gorunan don kunya. Kafin duma ya sake nuna, gorunanmu sun kusa ƙarewa, ga mai a turmi babu abin zubawa. In ba su dawo ba, sai dai a sayar da raƙumi mu tafi cirar auduga a gonakin Jazira.

Malam ya ce laifin faɗin bakin ne. Na zaɓo ragowar masu siririn wuya, waɗanda ko ɗan yatsa ba ya shiga. Matan garinmu ba su san an yi ba. Wata ta naɗe ganye ta ɗura gero, wata ta rataya albasa a wuyan goran kamar laya.

Da abin ya ishe shi, ya bi gida-gida yana roƙo. A ƙarshen layinmu akwai wata tsohuwa wadda 'ya'yanta suka tafi aiki garin Damazin, babu labarinsu. Ya tarar da gorunanmu a jere ƙarƙashin gadonta, ita kuma ta daɗe da daina sayen mai, miyarta lami take sha.

"Inna, ma'alesh, yi haƙuri, ki ba ni su haka nan," in ji shi.

"Ɗana, mi zan sa ciki? So kake a ce tsohuwa ta maido gora wayam? Tafi, gobe ina zuwa."

Kashegari ranar kasuwa ce, ƙofar gidanmu cike da mutane. Sai ga ta da sanda, ta miƙa masa gora mai nauyi. Ya cire totuwa ya leƙa. Ruwa ne, ruwan kogi, da tsohon mai yana yawo a samansa. Ni kam bakina ya riga ya buɗe, kuma ba alheri ne zai fito ba.

Malam ya yi bisimilla, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙarshensa. Ya share gemu ya ce, "Wallahi Inna, ba a taɓa kawo mani abin da ya kai wanga ba. Ƙishi nika ji tun safe."

Ranar bai matsi mai ba, tsakanin tabarma da bayan gida ya wuni da buta a hannu. Na yi masa dariya har da hawaye, na kuma ci gaba da tsokanarsa shekara da shekaru. Amma gaskiya ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Kafin wata ya mutu gorunanmu sun dawo kaf, kowane cike da ruwa, mai hali da marar hali. Tunda an san Malam na iya sha, sai kowace ta wanke nata tas kafin ta cika. Ni ma na huta da wanke su.

Ranar da ya rasu, ina ɗaki aka ce in fito in gani. Matan unguwa ne suka jere goruna a ƙofar gida, akuyoyina masu ƙusumbi duk suna kallona, kowane a cike har wuya. Da ruwan nan aka yi masa wanka.