Kofin Hebblethwaite

A kasuwar Skipton ta Ingila, Glenda mai rubuta suna a jikin kofuna ta jima tana kallon wani tsoho. Dogo ne, ya sha kwat ɗin zuwa coci a ranar Laraba, yatsunsa sun kanannaɗe irin na wanda ya tsufa yana gina katangar dutse. Yana juya kofunan da aka riga aka rubuta, ba ya ko karantawa. Ya san nasa ba ya ciki.

Sai ya ɗauki ƙaramin kofin yara.

"Hebblethwaite za ki sa, 'yata."

"Baba, wannan suna ai sai bokiti."

"Matse shi. Sunan zuriyarmu ne, ma'anarsa fili kusa da gadar katako, daga can kakanninmu suka fito. A kwarinmu ni kaɗai na rage mai sunan."

Glenda tana zargin 'ya'ya mata kawai ya haifa, aure ya kwashe sunan ɗaya bayan ɗaya, kuma kofin nan saƙo ne ga suruki.

"Jikan naka sunan yake amsawa?"

Ya gyara hula. "Na ubansa aka ba shi. Amma madara dai a nawa zai sha."